Lissafin Yaron Mota da Lissafin Einstein

A ce motoci biyu ne a kan kwaltar Matameye zuwa Damagaram, ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, kowacce tana gudun kilomita 80 a awa. Tambayi kowane yaron mota a tasha, zai ce maka suna tunkarar juna da gudun 160. Tarawa ce kawai. Lissafin Galileo da Newton ke nan, kuma a kan kwalta bai taɓa ba kowa kunya ba.

Haske ne ya ƙi bin wannan doka. Gudunsa kusan kilomita 300,000 ne a sakan ɗaya, kuma ko kana tsaye ko kana binsa a guje, in ka auna, adadin nan dai za ka samu. A kan wannan Albert Einstein ya gina nazarinsa na 1905. Mu ɗauka kumbo biyu sun tunkari juna, kowanne da kashi 75 cikin ɗari na gudun haske. Yaron mota zai ce 150. Matuƙin ɗayan kuwa, in ya auna gudun ɗan'uwansa, 96 zai gani. To sauran fa? Lokaci da nisa ne ba sa zama ɗaya ga kowa. Agogon abin da ke gudu yana jan ƙafa a idon mai kallonsa: a kashi 87 na gudun haske, kafin agogon kumbo ya cika awa ɗaya, namu ya cika biyu. Abin ɗaure kai, shi ma matuƙin gani yake namu ne ke nawa.

Ni dai ba zan ce yaron mota ya yi kuskure ba. A gudun mota, tazarar lissafin biyu ba ta kai kashi ɗaya cikin tiriliyan ba, wa zai tsaya nemanta? Sai dai salular da ke aljihunsa ba ta yarda da wannan sassauci. Taurarin ɗan'adam na GPS suna gudun kusan kilomita 14,000 a awa, abin da ke sa agogonsu jinkirin kashi 7 cikin miliyan na sakan a kullum. Raunin jan ƙasa a can sama kuma yana sa shi gaggawar kashi 45. In aka debe, saura 38. Da injiniyoyi sun bar wannan ɗan kaɗan ba gyara, taswirar waya za ta riƙa kaucewa da kusan kilomita 10 kowace rana.