Sikeli Ba Ya Ganin Kitse

A unguwar Kara-Kara ta Damagaram akwai samari masu ɗaga ƙarfe, irin waɗanda Aïcha Macky ta nuna a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021. Ɗauki ɗayansu mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 80, ka tsayar da shi kusa da ɗan kasuwar da ke wuni zaune a shago a kasuwar Dole, wanda tsawonsu da nauyinsu ɗaya. Sikeli ba zai bambanta su ba. Lissafin BMI da ake yi a asibiti, wato a raba nauyi da tsawo sau tsawo, zai ba kowannensu 27.7, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya duk wanda ya kai 25 nauyinsa ya wuce kima. Alhali ɗaya tsoka ce ta cika masa riga, ɗayan kuwa teɓa.

Adolphe Quetelet, ɗan Beljiyam da ya fito da wannan lissafi a shekarun 1830, jama'a yake aunawa a dunƙule, bai yi shi domin duba lafiyar mutum guda ba. Shi ya sa aka nemi hanyoyin gane kashi nawa cikin ɗari na jiki ne kitse. Sai dai abin da masu tallar na'urori ba sa faɗa shi ne, ba a iya ware kitsen mutum a ɗora a sikeli sai an feɗe gawa. Duk awon da ake yi wa mai rai ƙiyasi ne.

Hanya mafi araha ita ce ta matsi. Ma'aikaci ya tsunkuli fata da kitsen ƙarƙashinta a dantse, da ƙasan allon kafaɗa, da saman ƙugu, ya auna kaurin da wani ɗan awartaki, kamar yadda mai sayen ragon layya ke lalubar gadon baya. Daga nan a zuba alƙaluman cikin lissafi, kuma wanda ya fi shahara Durnin da Womersley ne suka tsara shi a 1974 da jikin mutanen Sikotilan. Ko a hannun gwani kuskure na kai maki 3 ko 4, sannan kitsen da ke kewaye da hanji, wanda shi ne mugun, awartaki ba ya isa gare shi.

Sikelin zamani mai faifan ƙarfe a ƙarƙashin tafin ƙafa ya fi ruɗar mutane, domin yana nuna adadi har da ɗigo, 23.4, sai ka rantse ya leƙa cikin jiki. Abin da yake yi kawai shi ne tura ɗan ƙaramin lantarki ta ƙafafu. Tsoka cike take da ruwa, wuta na ratsa ta cikin sauƙi, kitse kuwa yana tare ta. Ashe ruwan jiki na'urar ke bi. To a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wanda ya hau da la'asar yana azumi, jiki ya bushe, za a ce masa kitsensa ya ƙaru, ko da bai ƙara komai ba. Wanda ya riga ya sayi irinsa ya hau da safe, kafin kari, bayan ya kama ruwa, kullum a lokaci guda, ya dubi inda alƙaluman suka dosa cikin watanni, ya rabu da na yau da gobe.

Hoton DEXA da awon nauyi cikin ruwa sun fi kusa da gaskiya, amma kayan manyan asibitoci ne da ɗakunan bincike. Na cikin ruwan ma yana da tasa matsalar: lissafin da wani masani mai suna Siri ya tsara a 1961 ya ɗauka ƙashi da tsokar kowa nauyinsu ɗaya, daga baya bincike a Amurka ya nuna na baƙar fata sun fi nauyi, sai a ba baƙin mutum kitse ƙasa da wanda yake da shi.

Ƙasar Damagaram ta riga ta san darajar awo mai sauƙi. A Mirriya ne ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa uwaye auna dantsen 'ya'yansu da igiya mai launi, ja idan bai kai milimita 115 ba, kuma aka tarar uwaye na gano tamowa kusan yadda jami'an lafiya na ƙauye ke ganowa. Babba ma yana da tasa igiyar, wadda ke rataye a wuyan kowane tela. A auna ciki a tsaye, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi, ba tare da haɗiye tumbi ba. Idan ya haura rabin tsawon mutum, haɗarin ciwon suga da hawan jini ya ƙaru. Hukumar NICE ta Ingila ta shigar da wannan cikin shawarwarinta a 2022. Ga masu tsawon mita 1.70, iyakar santimita 85 ce, kuma a nan ɗan Kara-Kara da ɗan kasuwar Dole za su rabu.

Mata masu shan ƙwayoyin ƙiba su fi kowa kula da wannan awo. Wasu daga cikin ƙwayoyin, irin dexamethasone, suna tara kitse a ciki da fuska da bayan wuya, suna kuma zaizaye tsokar cinya da dantse, ga tayar da suga. Sikeli zai nuna an ƙara kilo, ƙawaye su yi barka, alhali ƙafafu ramewa suke yi.