Katin asibitin Mma da ƙuri'ar da na kaɗa

Wata Talata ina tsakiyar darasin lissafi da 'yan aji biyar sai ƙanwata ta kira ni, ta ce jinin Mma ya hau, sun wuce da ita asibiti. Da na iso, ma'aikaciyar da ke tagar kati ta ce katin NHIS ɗinta ya mutu tun wata biyar. Nan take na danna *929# na biya ta MoMo, sai ta girgiza kai: "Ticha, wanda ya bar katinsa ya daɗe haka sai ya jira wata guda." Ranar dai daga aljihu muka biya komai, har da ledar ruwa.

Ni malamin makarantar gwamnati ne. Daga kuɗin SSNIT da ake tara mini ake cire kashi 2.5 zuwa asusun inshorar, don haka ba na biyan kuɗin shekara. Mma kuwa koko da ƙosai take sayarwa a Aboabo da ke Kumasi, shekarunta 63. Ba ta cikin waɗanda doka ta ɗauke wa biya, wato yara 'yan ƙasa da 18, tsofaffi daga 70, masu ciki da matalauta tuburan. Irin su Mma, da mahauta, da teloli, da masu gyaran babur, su ne mafi yawan mutanen zango. Kowa shi zai tuna, shi zai biya, kuma ba a tunawa sai ciwo ya zo.

Da ta samu sauƙi na ce bari in ƙara mata ta 'yan kasuwa, tunda ko da kati sau da yawa akan ce maganin ya ƙare, a je kemis. Kamfani biyu na shiga. Na farko tambayarsu ɗaya: wace ma'aikata ce ta turo ni? Sun fi son rukunin ma'aikata, domin a nan masu lafiya ke ɗaukar nauyin marasa lafiya. Na biyu suka miƙo fom. Da na rubuta hawan jini, sai matashin ya ce ciwon da mutum ya zo da shi ba ya shiga sai bayan lokaci. Kuɗin shekarar kuwa ya kusa albashina na wata biyu. Ashe laima ce da ba a sayar wa wanda ruwa ya riga ya taɓa.

A lokacin ana ta kamfen ɗin zaɓen 7 ga Disamba 2024. Da na ba da labarin a majalisarmu bayan sallar isha'i, sai gardama ta ɓarke. Wani ya ce Musulmi bai da uzuri, ga Bawumia ɗan'uwa yana takara. Wani dattijo ya ce shi har ya koma ga Allah ba zai manta korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia ba, don haka NDC yake. Wani saurayi ma cewa ya yi duk wanda ya zaɓi ɗaya ɓangaren, alhakin marasa lafiya na wuyansa.

Gaskiya dai kowace jam'iyya tana da nata. Gwamnatin Kufuor ta NPP ce ta kafa NHIS a 2003, ta ceci mutane daga tsarin "biya kafin a taɓa ka". NDC ta yi alkawarin biya sau ɗaya tak a 2008, har ta bar mulki bai tabbata ba. A 2017, ƙarƙashin NPP, aka yi dokar da ta sa wa asusun iyaka, aka riƙa karkatar da wani ɓangare na harajin lafiya na kashi 2.5 da duk muke biya a kan kaya. A 2025 gwamnatin Mahama ta cire wannan iyaka. Asibitoci kuwa sun yi kukan jinkirin biyansu a mulkin kowannensu, kuma wannan jinkirin ne kan koma "babu magani" a kunnen Mma.

Abin da na fahimta shi ne, ƙuri'a shaida ce, shaida kuma amana ce. Wanda ya karɓi buhun shinkafa ko sidi ɗari ya dangwala, ya sayar da abin da ba nasa kaɗai ba, domin sakamakon a gadon asibitin maƙwabcinsa zai sauka. Amma wanda ya zauna ya auna, ya zaɓi abin da ba nawa ba, ban da hurumin ce masa mai zunubi. Sunan ɗan takara ko na kakansa ba ya sa magani a kanta.

Kafin 2028, duk ɗan takarar da ya shigo zango mu tambaye shi: yaushe aka biya asibitin unguwarmu bashinsa? Me ya sa mai kati ke biyan ƙari? Me aka tanadar wa mai shekara 60 da ba ta taɓa cin albashi ba?

Ranar sabunta katin Mma yanzu tana cikin wayata, kusa da ranar jarrabawar yara. Ita kuwa da na tambaye ta wa ta zaɓa, dariya ta yi: "Kai dai ka biya min kati, wannan tsakanina da Allah ne."