Kaset bai mutu ba: yadda ake ceto bayanan sabar da tef

 Ga rubutun shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau zancen kaset zan yi. E, kaset. Ƙanen wanda iyayenmu suke jin Shata da shi ne, sai dai shi bayanan kwamfuta yake ɗauka. Sunansa LTO, ya fito a 2000, kuma samfurin LTO-9 na 2021 yana cin terabayit 18 a guda ɗaya, alhali girmansa bai wuce tafin hannu ba sosai.

Nan gefenmu a Unguwar Sarki, kan Rabah Road, akwai Arewa House, gidan Sardauna, inda ake adana tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Takarda ta haura shekara ɗari tana nan. Ni abin da ke damuna shi ne bayanan da makarantu da asibitoci suke ta zubawa yanzu a sabar, wato babbar kwamfutar da sauran suke ɗebowa daga cikinta. Sakamakon jarrabawarka yana ciki, fayil ɗin jinyar mahaifiyarki yana ciki. Faifan sabar kuwa dare ɗaya yake mutuwa.

Ga yadda aikin yake. Ƙarshen mako a kwafe komai zuwa tef. Daga Litinin, kullum da dare a kwafi abin da ya canza kawai. Ranar da sabar ta faɗi, sai a fara dawo da babban kwafin, sannan a bi na kullum ɗaya bayan ɗaya, a jere. Idan na Talata ya ɓata, aikin Talata ya tafi. Shi ya sa rubuta suna da kwanan wata a jikin kowane kaset ba wasa ba ne. Kuma tef ba ya tsalle: in fayil ɗaya kake nema, sai an naɗe zaren har a iso wurinsa, kamar yadda ake juya kaset da biro. Yana da nawa, gaskiya.

To me ya sa har yau ake amfani da shi? Saboda da zarar an zare shi an sa a kabad, ba ya haɗe da komai. Ba ya shan wuta, ba ruwansa da NEPA. Masu garkuwa da bayanai, waɗanda suke kulle sabar ta intanet su ce a biya kuɗin fansa, hannunsu ba ya kaiwa kabad. A 2011 wata matsalar manhaja ta share saƙonnin wasu masu Gmail, kuma daga tef Google ya dawo da su.

Sai dai masu ƙera shi da suke cewa yana kai shekara 30, a ɗaki mai sanyi marar ƙura suke nufi, ba a zafin Maris da hazon hunturun Kaduna ba. Kuma kada a ajiye shi duka gini ɗaya da sabar, gobara ba ta zaɓe.

Inda aka fi faɗuwa shi ne gwaji. A 1998 wani a kamfanin Pixar ya goge mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 bisa kuskure. Aka koma kwafin ajiya, ashe ya daɗe da samun matsala ba wanda ya duba. Kwafin da wata ma'aikaciya mai jego take aiki da shi a gida ne ya cece su.

Saboda haka in kana da ɗan'uwa mai kula da sabar a wurin aikinsa, kada ka tambaye shi ko suna kwafi, kowa zai ce e. Tambaye shi yaushe suka ɗauko kaset suka dawo da fayil suka buɗe shi. Ka ƙara masa da cewa na'urar LTO-9 tana karanta na 9 da na 8 ne kawai, don haka in suna da tsofaffin kaset, kada su yar da tsohuwar na'urar kafin su kwashe.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.