Matsalar Harshe cikin Koyar da Motsa Jiki ta Wayar Hannu: Misali daga Birnin Kudu da Gwaram

Sanin kowa ne cewa wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba ya samun sauƙi da magani kaɗai. Ciwon yana aukuwa ne idan wata hanyar jini ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jini. Sashen da ya mutu ba ya dawowa, amma sauran ƙwaƙwalwar tana iya koyon wani abu daga aikinsa, muddin ana maimaita motsi kullum. Wahalar ke nan ga mutumin ƙauyukan Gwaram, wanda kowace tafiya zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu za ta ci masa kuɗin mota da yinin mai rakiya.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, musamman kuma bayan annobar korona ta 2020, likitoci a ƙasashe da yawa sun koma ga wata dabara. A kan sa wa majinyaci manhaja a waya, mai nuna masa motsin da hoto da murya, sa'an nan ma'aikacin gashi ya riƙa duba shi daga nesa. Maganar wuta da kuɗin data na bar wa masu ita. Abin da ya shafe mu shi ne, idan hannun likita ya janye, sai magana ta ɗauki aikinsa duka, kuma Hausar da za a zuba cikin manhajar ba a tsara ta don wannan ba tukuna.

Mu fara da sunayen gaɓoɓi. Kalmar hannu ta haɗa tun daga kafaɗa har yatsu, haka ƙafa tun daga cinya har tafi, alhali Ingilishi ya raba kowace biyu. Idan murya ta ce "ɗaga ƙafa", wani zai ɗaga ta daga ƙugu, wani kuwa tafin kaɗai zai tayar, kuma motsi biyu ne masu amfani dabam. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai dantse, gwiwar hannu, wuyan hannu, ƙwauri, idon sawu, diddige. Sai dai mai fassara ya tuna da su. Jijiya ta fi wuya, don kuwa da ita muke kiran hanyar jini, da agara, da kuma zaren da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne wajen aikatau. A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti. A duba waɗannan: miƙa hannu, miƙe hannu, miƙo hannu. Na farko turawa ne gaba, na biyu warware lanƙwasa ne gaba ɗaya, na uku kuwa, watau aji na shida, yana nufin wajen mai magana. A ɗakin gashi "miƙo" ba ta da ruɗani, ga likita nan tsaye a gaba. To, a waya ina mai maganar yake? Tana iya kasancewa kan tabarma, ko a hannun yaro daga gefe. Bahaushe ba ya tsayawa nazari, jikinsa zai karkata wajen muryar, kuma ga wanda zamansa bai daidaita ba, wannan karkatar tana iya zama faɗuwa. A ganina ya kamata a kauce wa wannan aji, a ambaci abin da za a nufa: bango, gwiwa, ko ƙirji.

Dama da hagu ma ba su da tabbas, gama hoton mai koyarwa yana fuskantar mai kallo, damansa tana hagun majinyaci. Gara a ce "hannu mai ciwo" da "hannu mai lafiya". A lura kuma, wanda ɓarinsa na dama ya shanye sau da yawa ciwon yakan taɓa masa magana da fahimtarta, domin ga yawancin mutane harshe yana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Irin wannan, mai jinya ne zai saurara a madadinsa.

Saura wakilin suna. Ingilishi yana da ɗaya tak ga wanda ake yi wa magana, mu kuwa muna da ka, da ki, da ku. Dattijuwa ba za ta ji daɗin muryar yaro tana ce mata "ɗaga" tsurarta ba. Na fi son sigar "a ɗaga", don ba ta bambanta jinsi, tana da ladabi, tana kuma shigar da mai jinya cikin umurnin. Amma fa a ƙasar Birnin Kudu akwai Fulani da Warjawa waɗanda Hausa ba ita ce harshensu na fari ba, saboda haka kafin a naɗi kowace jimla, sai an gwada ta a kunnuwansu, an ga motsin da suka yi da ita.