Kifin Da Ba A Gani: Matsalar Mai Ƙaurace Wa Nama A Ƙasar Japan

A shekarar 675 Sarki Tenmu na Japan ya hana jama'arsa cin naman shanu da dawaki da karnuka da birai da kaji, daga wata na huɗu zuwa na tara na kowace shekara. Ƙyamar nama ta daɗe a ƙasar, har zuwa 1872 da aka bayyana cewa Sarki Meiji da kansa ya ci. Wanda ya ji wannan tarihi zai zaci baƙon da ba ya cin nama ko kifi ya faɗa tsundum cikin daula. Ba haka abin yake ba, domin dokar ba ta taɓa kifi ba, kuma har yau Japanawa da yawa ba sa lissafa shi cikin nama.

Tushen matsalar wani romo ne da ake kira dashi. Ana haɗa shi da busasshiyar ciyawar teku mai suna kombu da kifin da aka ƙyafe har ya yi tauri kamar itace, sannan aka fere shi siriri. Bayan an tace, ido ba ya ganin komai. Amma romon yana cikin miyar miso da ruwan taliya, har da dafaffen ganyen da baƙo zai rantse babu abin da ya haɗa shi da dabba.

Japanawa na da hujjar riƙe shi. A 1908 Kikunae Ikeda ya gano cewa daɗin kombu daga sinadarin gulutamet yake, a 1913 kuma Shintaro Kodama ya gano inosinet a cikin kifin. In sinadaran biyu suka haɗu a kan harshe, ɗanɗanon yakan ninka sau da yawa fiye da na kowane ɗaya shi kaɗai. Masu ibada a gidajen addinin Buddha sun daɗe da samun mafita a girkinsu na shojin: maimakon kifi sai su jiƙa busasshen shitake, wato irin tsiron nan mai kama da laima, wanda sinadarinsa na guwanilet ke yin aiki iri ɗaya.

Batun abinci mai gina jiki kuwa da sauƙi, waken suya ya wadatar. Tofu awara ce. Natto kuma ɗan'uwan daddawa ne, don bakteriya iri ɗaya, Bacillus subtilis, ke ruɓar da su.

Inda haɗarin yake shi ne bitamin B12. Ƙananan halittu irin su bakteriya ne kawai ke ƙera shi, mutum kuma yakan same shi daga nama da kifi da ƙwai da madara. Abin da baligi ke buƙata a rana ɗan mitsitsi ne, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram ba. Hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa wanda ya yanke waɗannan abinci yakan daɗe garau kafin kasala da ƙarancin jini da dindiris a tafin ƙafa su bayyana, kuma lahanin jijiyoyi in ya yi nisa ba lallai ya warke ba. Ciyawar nori da ake naɗe shinkafa da ita tana ɗauke da wani abu na bitamin ɗin, sai dai adadinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, bai kamata a dogara da ita ba. Ƙwayar B12 da gwajin jini lokaci-lokaci su ne abin yi tun daga shekarar farko.