Jakara da Challawa: Yadda Ruwan Kano Ke Gurɓata

Ƙazamin ruwan birnin Kano manyan hanyoyi biyu yake bi. Na arewa yana gangarawa ta Jakara, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dattin masana'antun Bompai, su zarce madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Na kudu kuwa, daga Sharaɗa da rukunin masana'antun Challawa, yana faɗawa Kogin Challawa, wanda daga cikinsa ake ɗibar wani kaso na ruwan famfon birnin.

Dattin iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na gidaje da kwata: bahaya, jini, kayan ciki, da shara da ke toshe magudanai. Shi ke kawo amai da gudawa da taifot, musamman da damina, lokacin da ambaliya ke haɗa masai da rijiya. Wannan ana iya yaƙarsa a gida. Alif ko dakakkiyar ƙwayar zogale suna kwantar da laka, tafasawa ko sinadarin kulorin su kashe ƙwayoyin cuta. Rijiya kuma a yi mata baki da murfi, a ajiye mata guga guda, a nisanta ta da masai kamar mita 30.

Na biyun, wato na masana'antu irin su majemu, ya fi wuyar sha'ani. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, amma manyan majemu na zamani gishirin kuromiyam suke amfani da shi, ga farar ƙasa da sinadarin tuge gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kuromiyam ƙarfe ne. Tafasawa ba ta taɓa shi, sai ma ta ƙara masa kauri a tukunya. Yana kwanciya a lakar rafi shekara da shekaru. Mai noman rani a bakin Jakara, wanda ke ban ruwan latas da alayyafo da wannan baƙin ruwa mai kumfa, ba shi da wani zaɓi, mai saye a kasuwa kuma ba ya ganin komai a ganyen.

Saboda haka gyaran irin wannan ruwa a bakin masana'anta yake yiwuwa, kafin ya fita. Ana tara ruwan jima a tankuna, a zuba masa sinadarin da zai sa kuromiyam ya kwanta, a kwashe shi a sake jima da shi, abin da ke rage wa mai majemar kuɗin sayen sabo. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin abin da masana'anta za ta iya saki. Dokar ba ta yi ƙaranci ba. Abin takaicin shi ne rashin bibiya, da tsadar wutar da injinan tacewa ke buƙata, wadda ke sa ƙananan majemu kasa riƙe matata tasu sai dai ta haɗaka.