Tsakanin Gara Da Kwamfuta: Ina Makomar Bayanan 'Ya'yanmu A Makarantun Sakandare?

A daminar bara ne ƙanwata ta yi mini sallama a gidana da ke Rigachikun, tana tafe da 'yarta wadda ta kammala sakandare, ga wata tsohuwar ambulan a hannunta. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta zazzage takardu a gabana ta ce, "Yaya, kai ne ɗan boko, duba mana wannan al'amari, an ce yarinyar nan ba ita ba ce." Da na duba sai na tarar sunan yarinyar ya kasu gida uku. A takardar firamare an rubuta shi da 'yar alamar nan ta hamza, irin wadda ke cikin Sa'adatu ko Isma'ila, sannan aka bi shi da sunan mahaifinta. A takardar sakandare alamar ta ɓace, an kuma sauya sunan uba da na kaka. A katin ɗan ƙasa kuwa an ƙara wa sunan harafi guda, an kuma mayar da ranar haihuwarta 1 ga Janairu. Ga shi tun daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar ɗan ƙasa ga duk mai neman shiga jami'a, don haka dole takardun nan su yi magana da murya ɗaya.

Washegari muka nufi makarantar da ta gama, wadda ba zan ambaci sunanta ba, domin abin da na gani can ba nata ba ne ita kaɗai. Mataimakin shugaban makarantar, mutum mai fara'a da karamci, ya sa aka buɗe mana ɗakin ajiya. Mai karatu, rajistoci ne jibge tun daga ƙasa har kusa da silin, waɗansu ruwan da ke yoyo ta rufi ya manne shafukansu, waɗansu ɓeraye sun yi sheƙa a ciki. Da ƙyar aka zaƙulo rajistar shiga ta shekarar da aka ɗauki yarinyar, amma gara ta riga mu, ta cinye rabin shafin da muke nema. Malamin ya ce, "Dakta, kada ka damu, ai mun koma kwamfuta." Muka dunguma zuwa ofis. Kwamfutar na nan a lulluɓe da ƙyalle, ta fi shekara ba ta tashi ba, kuma ɗan bautar ƙasar da ya shigar da bayanan ya gama hidimarsa ya koma garinsu, da lambar sirrin da komai.

Abin da ya cece mu shi ne wata dattijuwar malama da ta yi ritaya, wadda ta riƙe ajin yarinyar a shekarar farko. A gidanta, cikin wata adaka, ta fito da littafin makinta na kanta, ga sunan nan daidai yadda mahaifin ya faɗa ranar da ya kawo ta. Duk da haka sai da aka yi rantsuwa a kotu, aka buga sanarwar gyaran suna a jarida, aka yi ta safa da marwa. Kafin a gama an rufe rajista, yarinya ta yi asarar shekara guda cur a zaune a gida.

Tun daga ranar nake ta juya wannan magana a raina. Muhawarar da aka saba yi ita ce, wanne ya fi, takarda ko kwamfuta? Ni kuwa a rana ɗaya, a makaranta ɗaya, na ga dukansu biyu sun gaza. Wannan ya sa nake ganin tambayar tana da gyara.

Bari mu fara ba takarda haƙƙinta, domin da tsohuwar zuma ake magani. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949 inda ta zama Barewa, ta riƙa bai wa kowane ɗalibi lamba tun ranar shigarsa. Har gobe an san cewa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, shi ne mai lamba 87, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma mai lamba 145. Kusan shekara ɗari ke nan, ba kwamfuta ba lantarki, amma bayanin bai salwanta ba. Me ya sa? Saboda akwai tsari: lamba guda ga mutum guda, rajista guda da ake kula da ita, da kuma jami'in da ya san cewa amana ce a wuyansa. Wanda ya taɓa shiga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa, ya san takarda na iya shekara da shekaru idan ta sami mai kula.

To amma idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Kwalejin da cikin shekarunta bakwai na farko ba ta kai ga lamba 200 ba, ba za a haɗa ta da sakandaren yau ba, inda aji guda kan ɗauki abin da ya fi ƙarfin malami ya haddace fuskoki. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, yara suka yi ta tuɗaɗowa daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Unguwanni irin su Rigachikun, Mando da Rigasa, duk a Ƙaramar Hukumar Igabi, sun cika sun batse da baƙi daga ko'ina. Bugu da ƙari, tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982 ya zo da sharaɗin tara makin gwaje-gwajen da ake yi wa ɗalibi zango bayan zango, kuma hukumomin WAEC da NECO na bukatar makarantu su miƙa musu wannan maki domin ya shiga sakamakon ƙarshe. Ke nan rajistar makaranta ta tashi daga littafin kiran suna, ta zama wani ɓangare na takardar shaidar yaro. Idan gara ta ci, ko malami ya ƙirƙiro maki daga kansa ranar da aka matsa masa, makomar wani ce aka taɓa.

Akwai kuma matsalar tsaro. A Maris 2021 aka sace ɗalibai a kwalejin gandun daji da ke Afaka, nan maƙwabtanmu, a Maris 2024 kuma aka kwashi yara a Kuriga ta Ƙaramar Hukumar Chikun. A 2024 ɗin gwamnatin Jihar Kaduna ta bayyana shirin haɗe makarantu sama da 300 da ke yankunan da ke fama da 'yan bindiga da waɗansu a wurare masu aminci. Iyalin da suka baro ƙauye da tsakar dare ba sa tsayawa karɓar takardar canjin makaranta. Yaron da ya iso Rigachikun daga Birnin Gwari ko Giwa hannu rabbana, wa zai shaida ajin da ya kai? Sau da yawa sai a mayar da shi baya, ko a jefa shi ajin da ya fi ƙarfinsa, ko ya haƙura ya kama tallar ruwa a bakin titin Zariya. A nan kam babu musu, bayanin da ke ajiye a rumbun intanet, wanda za a iya buɗewa daga kowace makaranta, ya fi rajistar da aka baro a ginin da ba mai iya komawa.

Sai dai kwamfuta ba waliyyiya ba ce, abin da aka ba ta shi take riƙewa, ta kuma yaɗa shi. A nan ne nake so in yi magana a matsayina na ɗalibin ilimin harshe, domin akasarin rikicin da iyaye ke sha a kan takardun 'ya'yansu rikicin rubutun suna ne. Fom ɗin kwamfuta an gina shi ne bisa al'adar Turawa: sunan yanka, sunan tsakiya, sunan dangi. Bahaushe kuwa ba shi da sunan dangi da ake gado. Yana amfani da sunan uba, wani lokaci na kaka, wani lokaci na gari. Malam Aminu Kano, Alhaji Shehu Shagari da Tafawa Ɓalewa duk sunayen garuruwansu suke ɗauke da su. Saboda haka idan malamin firamare ya cike gurbin da sunan uba, na sakandare ya sa na kaka, mai shagon intanet ya sa na gari, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma a idon na'ura an sami mutum uku.

Haka nan suna guda na da fuskoki da yawa. Muhammad, Muhammadu, Mohammed da Mamman duk mutum ɗaya ne a wurinmu. Abubakar shi ne Garba, shi ne Buba, Usman shi ne Shehu, A'isha ita ce A'ishatu, ita ce Indo. Tsohon malami da ya san gidan su yaro ba ya ruɗewa, kwamfuta kuwa harafi take ƙirgawa. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya. Duk Bahaushe ya san bambancin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi. Waɗannan haruffa na cikin tsarin Unicode na duniya tun farkon shekarun 1990, amma har yanzu manhajoji da yawa da ake sayar wa makarantunmu ba sa karɓarsu, kuma sukan yi watsi da alamar hamza. Ɗanladi ya koma Danladi a wani wuri, Dan Ladi a wani, Dan-Ladi a na uku. Laifin ba na harshen ba ne, na wanda ya sayi manhaja ne bai tambaya ba.

Ranar haihuwa ma haka take. Yaran da aka haifa a gida ba tare da takardar haihuwa ba, akan ƙiyasta musu shekaru, kowane ofis da irin ƙiyasinsa. A zamanin takarda kuskure kan tsaya a rajista ɗaya, shugaban makaranta ya ja layi da jan biro ya sa hannu, shi ke nan. A zamanin kwamfuta kuskuren minti ɗaya kan bi yaro zuwa jami'a, bautar ƙasa, banki da fasfo.

Akwai wani haɗarin da ba mu cika kula da shi ba, wato sirri. Makarantu da dama kan kwashi sunayen ɗalibai, hotunansu da lambobin wayar iyayensu su miƙa wa mai shagon intanet a bakin kasuwa ya shigar musu. A wannan zamani na garkuwa da mutane, jerin da ke nuna 'yar wane ce, ina take zaune, ba abin wasa ba ne. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta tanadi neman izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Shugabannin makarantu nawa ne aka zaunar aka karanta musu ita?

To mece ce mafita? A nawa ɗan tunanin, abu na farko shi ne mu koma ga darasin Kwalejin Katsina: kowane yaro ya sami lamba guda tun ranar da ya shiga aji ɗaya na firamare, ta bi shi duk inda ya je, a haɗa ta da lambarsa ta ɗan ƙasa. Ingila ta yi haka ga ɗalibanta tun 1999. Idan lamba ta tabbata, bambancin Mohammed da Muhammadu ba zai hana yaro karatu ba.

Na biyu, Ma'aikatar Ilimi ta fitar da ƙa'ida guda ta rubuta sunaye, tare da shawarar masana Hausa da sauran harsunan jihar, domin Bajju, Atyap, Gbagyi da Fulani ma na da irin wannan kuka. A tsayar da sunan wa za a sa a gurbi na biyu, a kuma sharɗanta wa duk mai sayar da manhaja cewa sai ta karɓi haruffanmu. Ranar shiga makaranta a nuna wa uba ko uwa abin da aka rubuta, a karanta musu da baki, su amince kafin a adana.

Na uku, kada a jefar da takarda. A ƙarshen kowace shekara a buga abin da ke kwamfuta, a ɗinke shi littafi, shugaban makaranta ya sa hannu, a ajiye kwafi a akwatin ƙarfe, a aika wani ofishin shiyya. Tsofaffin rajistocin da suka rage kuma a ɗauki hotonsu shafi bayan shafi. Wannan aiki wayar hannu ma na iya yin sa, kuma gara ba ta jiran kasafin kuɗi.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, a sami mutum. Kowace sakandare na bukatar jami'in adana bayanai na dindindin, ba ɗan bautar ƙasa mai shekara guda ba, kuma a bar lambar sirri a hannun mutum fiye da ɗaya. Abin mamaki, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976, hedikwatarta na nan Rigachikun, a kan hanyar Zariya. Me zai hana gwamnatin jiha ta haɗa hannu da ita a shirya gajeren kwas na adana bayanan makaranta, a fara gwadawa da makarantun Igabi da ke kewaye da ita?

Mu ma iyaye, musamman mu 'yan boko, da namu laifin. Mukan duba maki a katin sakamako, ba mu duba sunan da ke samansa. Ni kaina sau nawa yarinyar nan ta kawo mini katinta na sa mata albarka, ban lura cewa sunan kakanta aka rubuta ba? Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai ɗa a sakandare ya ɗauko takardar haihuwa, ta firamare, katin sakamako da katin ɗan ƙasa ya jera su a tabarma yau ɗin nan, ya duba harafi bayan harafi. Idan ya ga saɓani ya nufi makaranta tun yaron na aji ɗaya, lokacin da gyaran bai wuce jan biro da sa hannu ba.

'Yar ƙanwata ta sake zama jarrabawa bana, da suna guda a duk takardunta. Malamar da ta cece mu kuwa ta ce in zo in kwashi sauran littattafan da ke adakarta, domin ba ta san abin da 'ya'yanta za su yi da su ba bayan ranta. Na karɓa, na ɗauki hotonsu, na kai wa makarantar kwafi. Allah Ya saka mata da alheri, Ya kuma ba shugabanninmu ikon gyarawa.